Abin da Muke Kira Laburare

Idan ɗalibin jami'a ya ce maka yau a laburare zai wuni, galibi ba littafi zai je nema ba. Da takardunsa yake tafiya, da handawut ɗin da malami ya bayar, da littafin da ya kwafi darasi a ciki. Abin da yake so shi ne kujera da fanka da wutar da ba ta ɗaukewa, da wurin da babu mai damunsa da surutu. Akwai wanda zai shekara huɗu yana shiga ginin yana fita, bai taɓa miƙa hannu kan kanta ya zaro littafi ba. Tsohon ma'aikacin gidan rediyo kuwa, in ya ce a duba laburare, ɗakin faifai da kaset yake nufi, inda muryoyin su Shata da Ɗanƙwairo suke ajiye. Yaron da ke koyon rubuta manhajar kwamfuta shi ma yana da nasa laburaren, wato tarin umarnin da wasu suka riga suka rubuta, ya jawo ya yi aiki da shi ba sai ya fara daga tushe ba. Hukuma a allon ƙofa "ɗakin karatu" take rubutawa. Malaman Arabiyya su ce maktaba, sunan da za ka gani a goshin shagon sayar da littattafai ma.

Na daɗe ina lura da wannan rarrabuwa, kuma ban ɗauke ta tuntuɓen harshe ba. Kowace ma'ana akwai zamanin da ya bar ta. In aka bi sawunsu, labarin yadda Bahaushe yake samun abin karantawa ne zai fito, da labarin wanda yake ajiye masa shi.

Tun kafin sunan ya iso mana daga bakin Turawa muna da abin. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa da addini a zamanin Sarki Yaji, ya ambaci Fulanin da suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga a zamanin Sarki Yakubu, sannan ga Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa, ƙarshen ƙarni na 15. Littafi a lokacin da hannu ake kwafe shi. Ita kanta takardar daga nesa take zuwa: da yawa daga cikin tsofaffin rubuce-rubucenmu, in ka ɗaga warƙa ka haska ta a rana, za ka ga alamar jinjirin wata guda uku, shaidar cewa a Italiya aka yi ta, fatake suka ratso da ita ta Tarabulus. Wanda ya san tsadar takarda haka ba ya wasa da littafi. Ba a ɗinke shi, warƙa-warƙa yake, a haɗa a sa a tadarishi, a ɗaure, a zura a gafaka.

Na tashi na tarar da ragowar wannan duniya a gidan wani dattijon malami a unguwarmu. Ɗakin littattafansa yana bayan zaure na biyu, ba taga sai wata 'yar kafa a sama. Akwatunan ƙarfe ne a jere, kowanne an ɗora shi a kan duwatsu saboda gara, ga gafakoki rataye a turaku, ƙanshin tsohuwar fata ya cika wurin. In damina ta wuce yakan sa manyan almajirai su shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a fito da littattafan su sha iska, shi kuma yana zaune a kan buzu yana lura kada iska ta hautsina warƙoƙi. Almajiri zai zo ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, aron Risala nake nema, ina so in kwafa." Malam ba zai ba shi littafin duka ba. Zai ƙirgo masa 'yan warƙoƙi ya ce, "Je ka da waɗannan. In ka gama ka dawo da su, ka karɓi na gaba. Ka kiyaye su da ruwa." Ba rajista, ba kati, ba tara. Malam ya san abin da ke cikin kowane akwati, ya san wanda ke riƙe da kowace warƙa, ya kuma san wanda ya isa ya karanta Muhtasar da wanda Ahalari da Ishmawi ne daidai shi tukuna.

Ina ganin girman wannan tsari har gobe, amma ina ganin rauninsa. Ƙofarsa ba ta kowa ba ce. Sai wanda Malam ya sani ko aka kawo masa. Sannan ran da Malam ya faɗi, littattafai sun zama gado. A raba su kashi-kashi, wani kason ya faɗa hannun wanda ba ya karatu, ya tura ƙarƙashin gado, gara da yoyon ɗaki su gama da shi. Taskokin da suka tsira, gidajen da ilmi bai yanke a cikinsu ba ne, irin ta Waziri Junaidu a Sakkwato, wadda Murray Last ya dogara da ita wajen rubuta littafinsa kan Daular Usmaniyya da ya fito a 1967. Sauran abin da aka ceto sai da masana suka bi gida-gida suna roƙo suna ɗaukar hoto, shi ya sa yau ake samun tsofaffin rubuce-rubuce a Gidan Arewa da Abdullahi Smith ya kafa a Kaduna a 1970, da gidan tarihi na Jos, da Jami'ar Ibadan, da kuma cibiyar bincike ta Yamai inda tarin da Boubou Hama ya fara yake.

Ɗakin karatu irin na hukuma daga baya ya zo, kuma sai da aka fara samar da abin da za a sa a ciki. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta zama Hukumar Talifi a Zariya a hannun Rupert East, aka yi gasar rubutu ta 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da 'yan'uwansu. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, gwamnatin mulkin mallaka ta so labarin yaƙi ya isa ga jama'a ta bakinta, sai aka buɗe ɗakunan karatu a garuruwa a ƙarƙashin En'e. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna don ya tallafa wa waɗannan ɗakuna. Shekarun Yaƙi da Jahilci ne, hukumar NORLA tana ta buga ƙananan littattafai ga manyan da suka koyi boko da girma.

Ko da wace manufa aka kawo shi, akwai wani sabon abu a cikin ɗakin nan da ya kamata a yaba: littafin da ba na kowa ba, kuma na kowa. Ɗan talaka zai shiga ba tare da ya san mai shi ba, ba sai ya durƙusa wa kowa ba, ya zauna ya karanta abin da ɗan hakimi zai karanta. Da yawa daga manyan ma'aikata da marubutan Arewa ta wannan ƙofa suka fara leƙa duniya. Abin da bai taɓa zama mana jiki sosai ba shi ne dokar shiru. Mu karatunmu da murya ne. A makarantar allo da ƙarfi ake biyawa, a zaure mutum ɗaya ne ke riƙe da Gaskiya yana karantawa, goma suna saurare suna tanka masa, wani ya ce a maimaita wurin nan. Sai ga ɗaki an ce kowa ya sunkuya shi kaɗai, ko tari ya yi a kalle shi. Ina jin wannan na cikin abin da ya sa mutanen gari da yawa suka bar wa 'yan boko wurin tun farko.

Bayan samun 'yanci abin ya bunƙasa. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, ga laburarenta mai sunan Kashim Ibrahim. Dokar kafa Laburaren Ƙasa ta zo a 1964. Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967 kowace ta shiga kafa nata. Wanda ya yi sakandare a shekarun 1970 zai tuna katin aro, da 'yar takardar da ke liƙe a cikin bango ana buga mata hatimin ranar dawowa, da fargabar tara in an makara. Za ka buɗe littafi ka ga jerin kwanakin wata na waɗanda suka riga ka, ka san ba kai kaɗai kake wannan hanya ba.

Daga 1986, da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu aka karya darajar naira, littafin waje da mujallun ilmi suka fi ƙarfin kasafin makarantu. Kantoci suka tsaya cak. Ɗalibin kimiyya ya je ya tarar da bugun da ya girme shi, malami ya koma bayar da handawut, jarabawa kuma daga handawut take fitowa. Nan ne ma'anar ta juya a bakin ɗalibai. Ban ga laifinsu ba. Mutumin da ke kwana ɗaki ɗaya da mutum shida, ko yake gidan da yara ba sa barci da wuri, wurin zama mai haske babbar ni'ima ce gare shi, kuma ginin da ya ba shi wannan ya yi wani aiki. Sai dai rabin aikin ne.

A daidai shekarun da kantocin hukuma suka daskare, karatun Hausa ya yi tashin da bai taɓa yi ba, a wurin da ba wanda ya sa masa ido. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa, mata da maza, suka shiga rubuta labarai suna kai wa ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta fito da Allura Cikin Ruwa, ga wasu ɗaruruwa a bayansu. Labari ɗaya a raba shi na ɗaya, na biyu, na uku. Dillalai a Kano su saya su rarraba, littafi ya kai Gusau da Azare da Maraɗi da Damagaram. Ba kowa ke da kuɗin sayen kashi uku ba, sai shagunan haya suka tsiro a lunguna.

Ni a wurina su ne laburaren da ya fi kowanne shiga gidajen Hausawa, ko da yake ba a ba su wannan suna da girmamawa ba. Na san ɗaya a bakin wani lungu, ɗan shago ne da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. An ja igiyoyi daga bango zuwa bango an rataye littattafai, waɗanda suka fi farin jini kuma suna cikin kwali kusa da ƙafar mai shagon. Bangonsu ya yi laushi saboda hannu, wasu an ɗinke bayansu da zare, wani shafin da ɗigon manja, wani an ja layi a ƙarƙashin kalaman da suka burge wata. Mai shagon yana da littafin makaranta mai layi inda yake rubuta suna da gida da ranar karɓa. Masu karatun ba su cika zuwa da kansu ba, matan aure ne a cikin kulle. Yara ne 'yan aike. Yarinya za ta zo da littafi a cikin hijabi ta ce, "Wai in ji Anti, ta gama na ɗaya, a ba ta na biyu." Ya ce, "Na biyu yana waje. Ki ce mata ta yi haƙuri zuwa gobe da la'asar. Ungo wannan ta rage dare da shi, irin wanda take so ne." Ya san irin wanda take so, alhali bai taɓa ganin fuskarta ba. Ya san gidan da ake son labarin kishiya, da gidan da sai na jarumta, da gidan da littafi in ya shiga sai ya zaga ɗaki huɗu kafin ya fito, kuma bai cika ƙara musu kuɗi ba.

An yi ta ce-ce-ku-ce a kan littattafan nan. Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu a shafukan jarida, iyaye da malamai wasu suka ce suna ɓata tarbiyya. Gaskiya akwai na banza a cikinsu, akwai rubutun gaggawa da ba a tace ba. Amma akwai waɗanda suka faɗi abin da ke cin mata a rai, auren dole da saki da cire yarinya daga makaranta, tun ba a saba jin haka a fili ba. Kuma na san matan da aka cire daga aji uku ko huɗu na firamare, waɗanda da ba don littafin haya ba da bokonsu ya gudu. Da shi suka riƙe karatu, har suka iya duba wa 'ya'yansu aikin gida, wasunsu ma suka zama marubuta. Abin da Yaƙi da Jahilci ya nema da motoci da ma'aikata, wani yanki nasa a shagon lungu aka cim masa da 'yan sulalla.

Da fim ɗin Hausa na bidiyo ya kankama bayan Turmin Danya na 1990, shagunan suka ƙara kaset a kan kanta, daga baya faifan sidi. Sannu a hankali kaset ya ture littafi. Da waya mai memori ta zo kuma sai ta ture su duka. Yanzu a inda shagon haya yake, saurayi ne zaune da kwamfuta, 'yan dawunlodin ake ce musu, ka ba shi waya ya tura maka fim da waƙa da wa'azi. Babu abin da ake dawowa da shi, don haka babu littafin rajista, babu "gobe da la'asar".

Ba na cikin masu kukan cewa waya ta kashe karatu. Ɗalibin ilmi a yau yana da Shamila a kwamfutarsa ko wayarsa, dubban littattafan Larabci, ya rubuta kalma ɗaya ta fito masa da duk inda ta zo. Abin da dattijon unguwarmu ya tara a tsawon rayuwarsa bai kai ɗan yankin wannan ba, kuma na tabbata da ya gani da ya yi hamdala. Marubutan Hausa mata sun koma WhatsApp da Wattpad da Facebook, suna sakin labari shafi-shafi, masu karatu su biya ta banki a sa su a guruf. Matar da ke Kumasi ko Jidda tana karanta shafin a daren da ta Kano take karanta shi. Ba a taɓa karanta Hausa da yawa irin na yanzu ba.

Abin da ke damuna ajiya ce. Laburare rumbu ne: amfaninsa ba ranar girbi ba ne, sai ranar da gona ta bushe. Kowane sauyi da muka yi ya sauƙaƙa samu, ya kuma raunana ajiya. Waya ta faɗi a ruwa ko a sace ta, duk abin da ke ciki ya tafi. Guruf ya watse, labarin da aka shekara ana bi ya ɓace, wani lokaci ita kanta marubuciyar ba ta da cikakken kwafi. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da yawa suka zuba littattafansu a kai, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. A gidajen rediyo ma haka: tun da aka buɗe Rediyon Kaduna a 1962 tashoshin Arewa suke naɗar makaɗa da mawaƙa da masu tafsiri da 'yan wasan kwaikwayo, kuma wasu muryoyin babu su a ko'ina sai a waɗannan ɗakuna. Tef kuwa yana da ajali. Zafi da laima suna cinsa, na'urar da ke juya shi ta zama abin nema, tsofaffin da suka san abin da ke cikin kowane kwali suna ta yin ritaya. Abin da ba a mayar kan kwamfuta ba yanzu, nan gaba ko an so ba za a iya ba.

Doka ta yi tanadi. Tun 1970 wajibi ne duk wanda ya buga littafi a Nijeriya ya kai kwafi uku Laburaren Ƙasa. Amma marubucin da ya ci bashi ya buga littafinsa a wata maɗaba'a ta lungu, yawanci bai ma san da dokar ba, kuma ba a bi shi an karɓa ba, domin a idon masu tsaron kantoci a lokacin wannan ba littafin ajiyewa ba ne. Sai ga shi wani babban tarin littattafan nan yana makarantar SOAS a Landan, inda Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka jera sunayen waɗanda suka fito daga 1987 zuwa 2002, aka buga jerin a 2004. Sun kyauta, kuma a gida ma akwai malaman jami'a da suka tara nasu da kuɗinsu. Amma bai dace a ce jikar wadda ta rubuta littafi sai ta nemi biza kafin ta ga abin da kakarta ta rubuta ba.

Har yanzu ba a makara ba. Littattafan suna nan a ƙasan akwatunan mata, a cikin kwalayen shagunan da suka rufe, a ɗakunan ajiyar tsofaffin dillalai na Sabon Gari. Laburaren Murtala Muhammad da ke Kano da takwarorinsa na Katsina da Sakkwato da Kaduna za su iya ware ɗaki guda su yi shela a rediyo, duk mai tsohon littafin Hausa ya kawo, a ɗauki hotonsa a mayar masa in yana so. Aikin yana buƙatar a yi shi da mutanen da suka yi zamanin, domin da yawa daga littattafan ba a rubuta shekarar bugu a jikinsu ba, wasu marubutan kuma da sunan aro suka fito. Dillalai da masu shagon haya da matan da suka yi ta aiken yara su ne suka san wace ce ta rubuta wane, da wanda ya riga wani fitowa, kuma yawancinsu suna raye.